Turai Ba Ta Tambayar Yaro a Gaban Mutane

Kafin mijinta ya samu aikin jinya a Riyad, Turai ta daɗe tana aiki a sashen kula da yara na ƙaramar hukumarsu can gida. Aikin ba shi da armashi: fankar ofis ba ta juyawa, babur na aro, ga iyaye masu rako ta da zagi har bakin titi. Amma ta iya shi. Sabbin ma'aikata kan shiga gida da tambayoyi cike da baki, su fito da amsar da aka shirya musu. Ita kuwa zama take a ƙasa, ta jawo tiren shinkafa ta ce yaro ya taya ta tsince tsakuwa, ko fuskarsa ba ta kallo. Kafin tiren ya ƙare, yaro ya faɗi abin da ke cikinsa.

A unguwarsu ta Suwaidi a Riyad duk wannan ya zama tarihi. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin ta mijinta take, ba ta da izinin aiki. Matan unguwa sun san ta da iya tuwo, shi ke nan.

A wajen wani suna a unguwar Ulaisha ta fara ganin Sumayya, yarinya 'yar shekara tara da uwarta ta rasu. Ubanta Sha'aban tirela yake ja daga rumbunan kaya na unguwar Sulai zuwa birnin Dammam, ɗakin kwanansa na maza ne zalla, sai ya ba Rakiya 'yar garinsu riƙonta. Rakiya ta ɗaga hannu za ta gyara gyale, yarinyar ta kare kanta da hannu biyu. Babu wanda ya lura sai Turai, kuma ranta ya ɓaci nan take.

Shinkafar Riyad ba ta da tsakuwa, don haka tafarnuwa Turai ta ba yarinyar su ɓare a kicin ɗin gidan sunan. A Riyad aka haifi Sumayya, Hausarta ta gaisuwa ce da aike, abin da ke mata ciwo da Larabci yake fita. Turai ta haɗa guntun Larabcinta ta saurara. Daga ƙarshe yarinyar ta juya ta ɗaga riga. Shatin dutsen guga ne a bayanta, sabo a kan tsoho.

Turai ta kai maganar ga Alhaji Nu'uman, dattijon da ke sasanta rigimar 'yan gida, ta roƙe shi kada a tambayi yarinyar a gaban kowa. Sai ga shi ya tara maza cike da falo, ya zaunar da Rakiya a gefe, ya tsayar da Sumayya a tsakiya kamar wadda ta yi sata.

"Ke, ana dukanki?"

Yarinyar ta dubi Rakiya. "A'a."

"To, alhamdulillahi," in ji shi, aka zuba shayi.

"Alhaji, ko kai aka tsayar haka a'a za ka ce," in ji Turai.

"Hajiya, mu baƙi ne a ƙasar mutane. Hukuma ta shigo, kafilin Sha'aban, Balaraben da ya tsaya masa, ya ji, iƙamarsa ta tafi. A bar shi a cikin gida, khalas."

Cikin gida! Ai a cikin gidan ake ƙona ta. Manyan mutane da gemu, tsoron kafili ya fi musu bayan yarinya nauyi, kuma suna kiran hakan rufin asiri. Turai ta sauko bene, ta tsaya a inuwar wani shago ta kira lambar hukumar kare yara.

Wadda aka turo dattijuwa ce 'yar ƙasa, mai ciwon gwiwa. Ta sallami kowa daga ɗakin, ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa da ƙyar. Daga haka Turai ta san yarinyar ta faɗa hannun wadda ta daɗe a aikin. Ranar aka kai Sumayya asibiti, ba ta sake kwana gidan Rakiya ba.

Matan unguwa suka cire Turai daga rukuninsu na waya. Aka daina kiranta suna da biki. Ta ji zafi ƙwarai, don ba ta da kowa a garin sai su.

Da Sha'aban ya dawo daga hanya, kai tsaye ya zo ƙofarta, ya ƙi shiga.

"Kin tona mana asiri, Hajiya. Ga kafilina yana ta kira." Muryarsa ta sauka. "Wai ke ta faɗa wa? Ni ubanta, me ya hana ta faɗa mini?"

"Ta faɗa maka, Malam Sha'aban. Ta ce ranar salla ta fara ba ka labari a mota, da Larabci."

"Ban tuna ba."

"Kai kuwa ka ce mata ta yi shiru sai ta iya faɗa da Hausa."