Ƙanƙarar Baba a Cikin Dokin Ƙofa

Yayana ya zuba duwatsun Babanmu a cikin siminti, kuma har yau ban yafe masa ba.

Da ƙafa Baba ya zo Hajji, ya yi shekaru a hanya. Da ƙyastu yake kunna wuta, dutsen ƙanƙarar da ake ƙyastawa kuwa shi yake fasa abinsa. A tsakar gidanmu na unguwar Nuzla a Jidda yakan shimfiɗa fata a cinya, ya ƙwanƙwasa dutse ya saurara. In sautin ya dushe, ya jefar, wai akwai tsaga a ciki. In ya yi zaƙi, sai ya bugi gefensa a karkace da wani mulmulallen dutse, wani ɓangare ya ɓalle ta ƙasa, siriri kamar farce. Sannan ya bi bakin da tsinin ƙaho yana ɓantara kaɗan-kaɗan. Da irin wannan ya yanka fatar takalmina na farko.

Inna takan ce, "Malam, ashana ta cika Jidda, kana ta fama da dutse."

"In ta jiƙe fa?"

"Da wane ruwan? Sau nawa ka ga an yi shi a garin nan?"

Da ya rasu, gwangwanin da yake tara duwatsun ya zauna wurin Yaya. Ban tambaya ba. Wannan laifina ne, na sani.

Ina da 'ya'ya huɗu na shiga ajin manya. Wata rana malamarmu ta buɗe littafi, sai ga hoton duwatsun Baba sak. Ta ce wuƙaƙen mutanen farko ne, yanzu babu mai iya yin su.

Na ce wa malamar, "Abla, ubana ya iya."

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Shekararsa dubu nawa, ya ukhti, 'yar'uwa?"

"Gobe za ki gani."

Daga aji na wuce gidan Yaya.

"Yaya, ina gwangwanin Baba?"

"Na tsakuwar nan? Halas, ta ƙare. Yanzu kika taka ta." Ya nuna dokin ƙofa. Wai ranar da ake zuba shi tsakuwa ta gaza wa magini. "Gwangwanin yana nan in kina so, ƙusoshi na zuba."

Na durƙusa na shafa simintin. A kusurwa ɗaya wani baƙin tsini ya ɗan leƙo, ƙafafu sun cinye kaifinsa.

Washegari ban je aji ba. Na ari guduma da ƙatuwar ƙusa wurin maƙwabta, na zauna a ƙofar Yaya, na fara daga gefe, a karkace.