Nazmi da Ƙyauren Gonar Dada Sanije

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Nazmi Kolari a nan garinmu Ulqin, yana da shekara saba'in da ɗaya. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Nazmi, ina bakin tanda ina fitar da burek, burodin nan namu mai nama a ciki, lokacin da 'yarka Arjeta ta kira ni. Ta ce ka gama gudunka na safe a kan yashin bakin teku, ka zauna bisa wani kifaffen kwale-kwale, ka ce wa mai shi yau ruwa ya yi kyau, shi ke nan. Burek ɗin ranar ya ƙone ƙurmus, kuma ba wanda ya yi mini ƙorafi.

Nazmi, da kai nake magana, don akwai abin da ka rufa mini asiri a kansa shekara goma sha ɗaya, kuma da tafiyarka ya tashi. Amma bari in fara da abin da kowa ya sani.

Shekara talatin da huɗu ka yi kana raba wasiƙu a ƙauyukan kan tsauni, da ƙafa, don ka ce babur ɗin gidan waya ya fi ka tsufa. Babu turbar awakin da ba ka sani ba tsakanin gari da gaɓar Valdanos. Da ka yi ritaya sai muka ɗauka za ka zauna a teburin gahawa irin na sa'o'inka, ana zagin gwamnati. Ashe jakar wasiƙun kawai ka zazzage. Ka ci gaba da hawa da ita a guje, yau maganin hawan jini na wata tsohuwa, gobe tabarau ɗin wani da aka gyara a gari. Ka ce ai hanya ce ta bi da kai, alhali duk mun san kai ne ka karkata hanyar.

Ni kuwa da ƙarfin tsiya ka shigar da ni gudu. Likita ya gama tsorata ni, labari ya zaga kasuwa, sai ga ka a shagona kana kallona sama da ƙasa.

"Vehbi," ka ce, "tumbin nan naka yana riga ka shiga masallaci da raka'a guda. Lahadi, bakin teku, bayan asuba. In ba ka zo ba zan zo da amalanke."

Na je. Ka koya mini in riƙa taka jiƙaƙƙen yashi, inda ruwa ya janye, don busasshen yana cinye ƙarfin mutum a banza. Ka ce in hawa ta yi tsanani a taka a hankali, babu abin kunya. Dokokinka biyu ne kacal ba ka ɗaga wa kowa ƙafa a kansu: duk wanda aka tarar a hanya a gaishe shi ko da numfashi ya ƙare, kuma duk ƙyauren da aka buɗe a mayar da shi. Mu shida muka fara. Yanzu ran Lahadi mukan haura arba'in, har da matan da dā suke yi mana dariya daga baranda.

Hanyar da ka fi so ita muke kira Hanyar Zaitun. Tana tashi daga yashi, ta hau cikin itatuwan zaitun, ta bi gadon tsauni inda ake ganin teku dama da hagu, sannan ta gangara Valdanos, mutum ya faɗa ruwa da rigarsa. A tsakiyarta akwai gonar wata tsohuwa, Dada Sanije, gona mai katangar dutse da ƙyauren ƙarfe. Idan ba a ratsa ta nan ba, sai an sauka kwalta, a yi kilomita huɗu ana kokawa da motocin baƙi a kwanar da ba a ganin gaba. Gonar nan ita ce hanyar.

Shekarar da muka shirya tserenmu na farko, ka ba ni gwangwanin fenti ja da fari, ka ce in sa alamar hanya a wannan yankin: da'ira ja, ɗigon fari a tsakiya, a kan duwatsu. Na shiga gonar na ga duwatsun duk a ƙasa suke, sai an sunkuya, ni kuma a lokacin sunkuyawa ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Sai na shafa a jikin itatuwan, guda bakwai. Ni ɗan garin nan ne, na san fenti a jikin zaitun shaidar mai shi ce, na san gidajen da suka shekara ashirin ba sa ga-maciji saboda harafi ɗaya a kan kututture. Wallahi ranar ƙwaƙwalwata tana gida. Washegari muka tarar da sarƙa da kwaɗo a ƙyauren, kuma Dada Sanije ta aika wa duk unguwa cewa masu gajeren wando sun zo ƙwace mata itatuwan da mijinta ya bar mata.

Na ce zan je in ba ta haƙuri. Ka ce in na je da wannan fuskar tawa sai ta ƙara kwaɗo na biyu. Ka tafi kai kaɗai, ka ce mata kai ne ka shafa. Ta wanke ka tas tun daga kakanka, kana tsaye da hula a hannu. Ka kwana biyu kana kankare fentin da buroshin ƙarfe. A ƙarshe ta gindaya sharaɗi: kowace kaka, kafin a fara tsinkar zaitun, ka zo da bakinka ka roƙa, ka yi mata kwana uku a kan tsani, sannan ta cire kwaɗon na shekara guda. Ta ce da kai ta yi alkawarin, ba da tarkacen da ke bin ka ba.

Kaka goma sha ɗaya ka yi kana hawan tsanin nan. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa mata gaskiya, kowace shekara kana cewa in bari, tana da dafa wake mai daɗi kuma ba ka son abokin rabo. Ni kuma, in faɗi gaskiya, haninka ya yi mini daɗi. Tsoronta nake ji. Na riƙa aika maka burek kan tsani ina lallashin zuciyata da cewa na taimaka, kuma ina jin kunyar hakan har yau.

Bana ba ka kai ga zuwa roƙon ba. Ran Laraba muka kai ka makwancinka, makara tana wucewa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, limamin yana yi mana faɗa cewa mu rage sauri, jana'iza ce. Ran Lahadi muka hau Hanyar Zaitun don tunawa da kai, mu hamsin da wani abu. Muna isa gonar muka tarar da sarƙa da kwaɗo. Muka juya muka bi kwalta, motoci suna yi mana ham.

Washegari na rufe shago, na sa rigar Juma'a, na hau. Shekararta tamanin da shida yanzu, amma idonta garau. Ta zaunar da ni, ta dafa gahawa, ta yi mini ta'aziyyarka kafin in yi mata. Ta ce ta yi kuka kwana biyu, kuma ta rufe ƙyauren ne don alkawari ya bi mai shi. Na ajiye kofin, na ce mata ba kai ka shafa fentin ba, ni ne.

Ko gezau ba ta yi ba. "Yanzu ka iso?" ta ce. "Ɗan nan, ina bakin taga ranar. Na ga ƙato yana huci kamar saniya, yana shafa wa itatuwana ja. Kuma ko ban gani ba, da'irar Nazmi kamar da kofi yake zana ta. Taka kuwa sai ka ce an zauna kan burek."

Na ce to me ya sa ta bari kana hawa tsani shekara da shekaru.

"Shi ya so. Na faɗa masa tun shekarar farko na san ba shi ba ne. Ya ce in yi shiru, abokinsa zai zo da ƙafarsa wata rana, gudu yake koya, bai iya sauri ba tukuna."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan dariyar ta tsaya, hawayen suka ci gaba. Ashe ku biyu kuka haɗa baki kuna jira na, Nazmi, kuna cin wakenku. Ta bar ni na gama, sannan ta tura mini makullin a kan tebur. Ta ce Asabar za a fara tsinka, in zo da sassafe, kuma nawa kwana huɗu ne, don ta ga alamar hannuna ba zai kai naka ba. Ta ce tsanin yana rumbu, in duba shi da kyau, ba a yi shi don irina ba.

Na buɗe kwaɗon da hannuna a kan hanyar sauka. Lahadi mai zuwa za mu ratsa. Na makara, abokina, amma na iso, kuma da na so a ce kana nan ka gani.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Nazmi, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa Ka yalwata shi. Ka sa kowane taki da ya yi domin wani ya zama nauyi a mizaninsa, Ka yafe masa ƙaryar da ya yi don ya rufa mini asiri, Ka sanya shi a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Lumnije, da 'ya'yansa Besart da Arjeta, da jikokinsa, da Dada Sanije, da duk wanda ya taɓa bin bayansa a kan yashi ko a kan dutse. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Vehbi Truma, mai gidan burodi, Ulqin