Ranar da Mai Burodi Ya Ɓuya a Ɗakin Fulawa

Duk layin babu wanda bai san Mai Burodi ba. Gajere ne kakkaura, tumbi a gaba, gashin hannunsa kuwa wutar tanda ta cinye shi tun yana saurayi. Da kwaɓa fulawa ya fara a gidan burodin wani, ya koma bakin tanda, daga baya ya kama hayar wani tsohon gareji ya buɗe nasa. Yanzu yana da masu kwaɓi, da masu gashi, da direba, da mace ɗaya mai tsaron kanta. Ba mugun mutum ba ne. In ɗan ma'aikacinsa ya kwana da zazzaɓi, motarsa ce ke kai shi asibiti. Aibinsa ɗaya, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Kowa ya zo sai ya amsa masa, daga baya ya rasa inda zai tsoma ransa.

Mai tsaron kantar ana ce mata Rediyo, don tun daga buɗe shago bakinta ba ya hutawa. Ta san mai son burodi mai ƙonannen gefe, ta san tsohuwar da ba ta da haƙora, sai an zaɓa mata mai laushi. Shi kansa maigidan ba ta ƙyale shi ba.

"Baba, tumbin nan ya fi kwaɓin jiya tashi. Yis ɗin ka sha ne?"

Sai ya yi dariya har da tari.

Da cikinta ya tsufa ta zo neman hutun haihuwa. Bai ma bari ta kai ƙarshen magana ba. A gaban kowa ya buga ƙirji ya ce, "Je ki ki sauka lafiya, 'yata. Kujerar nan taki ce, tana jiran ki."

Haihuwar ta zo da gardama. Bakwaini ta haifa, aka sa shi a kwalba, ita ma ta kwanta jinya. Mijinta, wani makanike mara yawan magana, ya zo ya ce likita ya ƙara mata hutu. Mai Burodi ya ce ba komai, Allah ya ba su lafiya.

To amma kanta ba ta zama babu kowa. Yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, ta kawo 'yarta da ta gama makaranta tana zaman gida, ta ce ta riƙe masa kafin waccan ta dawo. Da aka kwana biyu sai zancen ya sauya.

"Ƙanena, mai jego da jariri kamar ɗan tsako, ina za ta iya tsayuwar kanta? Ka bar wa 'yarka wurin kawai."

Ya ce, "To, Yaya."

Babbar 'yarsa, wadda ke aiki a wani ofis, ta ji labari ta same shi yana shan shayi.

"Baba, hutun haihuwa da na jinya haƙƙinta ne fa, ba alfarma ka yi mata ba. Dokar aiki ma ba ta yarda a ƙwace wa mace wurinta don ta haihu ba. Ka dai faɗa mata?"

"Zan kira ta."

Bai kira ba. Sai ya ɗauki waya, ya nemo lambar, ya zuba mata ido, ya mayar aljihu. Ya yi ta lallashin kansa da cewa wataƙila ma ba za ta dawo ba.

Wata rana da hantsi yana bakin tanda, sai ya jiyo muryarta daga titi tana gaisawa da mai shagon kusa.  Kafin ya yi wani tunani ƙafafunsa sun kai shi ɗakin ajiyar fulawa. Ya ja ƙofa, ya tsuguna a bayan buhuna, mutum da furfurarsa.

Yana jin komai. Ya ji masu kwaɓi suna yi mata barka. Ya ji 'yar yayarsa ta ce, "Ai Kawu ya ce ni ce a nan yanzu." 

"Baba yana nan?" in ji Rediyo.

Babban mai gashi ya yi gyaran murya. "Ya ɗan fita."

Ga motarsa a ƙofa, ga hularsa rataye a ƙusa.

"To, zan jira shi."

Benci ta ja ta zauna dab da ƙofar ɗakin da yake ciki. Jaririn ya soma kuka, wata siririyar murya kamar ta ɗan kyanwa, tana jijjiga shi. A ciki kuwa zafi, gumi ya jiƙa masa riga, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya so ya miƙe ya fita, sai ya ga kowane minti da ya ƙara ya sa fitar ta fi nauyi. Ya toshe hanci, ya danne, ya sake dannewa. Atishawa dai sai da ta ƙwace, irin mai girgiza kwano.

Ya fito fari fat, tun daga gira har takalmi. Ma'aikata kowa ya sunkuyar da kai, wani ya kama goge tiren da ya riga ya goge. Da Rediyo ta tsokane shi kamar da, da ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta rame, zanin jikinta ya yi mata yawa. Ta ɗan russuna.

"Ina kwana, Baba. Jikanka na kawo maka ka gani."

Ta yaye tawul. Ya leƙa ya ga 'yan yatsu kamar tsinken ashana. Ya miƙa hannu, ya ga fulawa, ya janye.

"Baba, da aike kawai ka yi mini," ta ce a hankali. "Da ban ɗauko shi a cikin ranar nan ba. Ba sai ka shiga cikin buhuna saboda ni ba."

 Da ƙyar ya ce, "Duk ranar da likita ya yarda, ki zo ki kama aikinki." Ya sa direba ya mayar da su gida.

Ranar da yamma ya tafi wurin yayarsa, ya zauna a ƙasa kamar yadda yake yi yana yaro.

"Bare ce ta fi maka jininka?" ta ce.

"Yaya, laifina ne. Kujera ɗaya na yi wa mutum biyu alkawarinta. Nata ne na farko."

Ta juya masa baya. Ya ce yarinyar ta koma wajen ƙunshe burodi, da albashinta yadda yake, uwar ta ce ba 'yarta ba.

Rediyo ta dawo tsaron kanta. Ya sa aka rataya labule a lungu don ta riƙa shayarwa, ya bar ta tana tashi da wuri ranakun asibiti. Da mahaifin direba ya samu shanyewar ɓarin jiki, direban ya nemi hutun jinya, sai Mai Burodi ya kira babbar 'yarsa ta zauna da su, aka faɗa wa wanda zai riƙe motar, a gaban kowa, cewa riƙo ne kawai.

Ba wanda ya taɓa tayar masa da zancen ɓuyan nan. Sau ɗaya dai ya jiyo wani mai kwaɓi yana cewa a ɗauko buhu daga "ofishin Baba". Ya wuce kamar bai ji ba. Yayarsa kuwa ta daɗe kafin ta koma ɗaukar wayarsa, kuma har yau burodin wani gida take saya.