Hagunsa da Hagunta

Tamotsu Kurihara ya yi shekara talatin da takwas yana awon ƙusoshi a wata masana'antar kayan mota a garin Isesaki na Japan. Da ya ajiye aiki sai ya koma tsayuwa a kwanar bayan makarantar firamare, daga bakwai zuwa takwas na safe, da 'yar tuta a hannu. A kwanar nan ce babbar mota ta buge 'yarsa Chizuru a kan keke ta rasu, tana da shekara goma sha shida. Shekara tara ke nan. Matarsa ta rasu shekara huɗu bayan haka. Ba ya zancen da kowa.

Katangar kwanar doguwa ce. Direban da ya shawo ta ba ya ganin mai keken da ya biyo hannun dama sai sun yi kiciɓis. 'Yan gari sun san hagu ake bi. Su kuwa 'yan Peru da suka zo aikin masana'anta, a ƙasarsu dama ake bi, kuma jikinsu bai manta ba.

Akwai wata a cikinsu, Zoila, mai wucewa bakwai da minti ashirin, da ƙaramar 'yarta a kujerar baya. Kullum ta dama. Ya yi mata magana da Japananci, ta yi murmushi ta wuce. Sai ya tafi laburaren gari ya kwafo kalma ɗaya ta Sifaniyanci a bayan takardar magani: izquierda, wato hagu. Mako guda yana bitar ta shi kaɗai a kicin, yana jiran shinkafa ta nuna.

Ranar Litinin ya tsaya yana fuskantar ta, ya miƙe hannun hagu, ya faɗi kalmar. Fuskarta ta washe, ta ɗaga masa hannu, ta wuce ta dama. Haka aka yi ta yi har kwana goma.

Misao mai sayar da awara a bakin kwanar ce ta gaji da kallo.

"Kurihara, wai me kake ce wa matar nan kullum?"

"Hagu nake ce mata."

"Da wane hannun?"

Ya ɗaga mata.

"Haba, sarkin awo. Kana fuskantar ta, ai hagunka damanta ne. Kwana goma kana ce mata ta yi daidai."

Washegari ya nuna da ɗaya hannun. Zoila ta tsaya, ta dubi lungun da ya nuna, ta girgiza kai.

"A'a, Baba. Aiki, can gaba," ta ce da guntun Japanancinta. Yarinyar tana cin biskit, ba hular kwano a kanta.

Da la'asar ya buɗe rumfar bayan gida. Keken Chizuru na makarantar sakandare ya lalace a ranar hatsarin, amma na ƙuruciyarta yana nan ƙarƙashin tamfol. Ya goge shi, ya sa wa sarƙar mai, ya ba tayoyin iska. Ya kama sukurin sirdin zai ɗaga shi, sai ya saki. Ya bar shi a tsayinta.

Da safe ya jira Zoila tun kafin kwanar. Da ta iso ya hau, gwiwoyinsa suna kusan taɓa kan keken, ya tsallaka hagu ya shiga gabanta, ya faɗi kalmar ba tare da ya waiwaya ba. Ya daɗe bai ji komai ba. Can sai ga ƙarar sarƙarta a bayansa, da muryar yarinyar tana gyara masa lafazi, gaɓa-gaɓa.

Suka sha kwanar a jere. A bakin gada Zoila ta kaɗa ƙararrawa sau biyu ta wuce shi, ta hagu.

Ya dawo yana tura keken, don gwiwarsa ta ƙi. Misao ta leƙo za ta tsokane shi, ta ga keken, ta koma ciki. A gida ya jingina shi a bakin ƙofa, ya ninke tamfol ɗin ya ajiye, ya ɗora shinkafar mutum ɗaya.