Ranar da lamba ta kai tafsiri hawan ƙasa

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a karatun aikin laburare, kaina ya cika da lambobi har ba na iya ganin littafi ban laƙaba masa lamba a zuciyata ba. A lokacin ne mahaifiyata, tsohuwar nas, ta yanke shawarar bayar da littattafan marigayi mahaifinmu sadakatul jariya. Tun rasuwarsa suke kulle a ɗakinsa a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, gara har ta fara taɓa na gefen bango. Mutanen wata unguwa a Tarauni kuwa sun ware ɗaki kusa da masallaci don ɗaliban jinya da matasa su riƙa karatu, akwai kantoci, babu abin ɗorawa.

Sai da muka sha fama kafin ta yarda. Da ta yarda kuma, ni ta damƙa wa aikin. "Tunda karatunka ke nan, je ka shirya su yadda babanku zai ji daɗi."

Ni kuwa na samu abin da nake so. Na jawo abokina mai harkar kwamfuta, muka haɗa da littattafan da wasu suka kawo, muka shiga aiki. Tsarin da aka koya mana mai sauƙi ne: kowane fannin ilimi da lambarsa, sai a jera daga ƙaramar lamba zuwa babba, a fara daga hawan sama a gangaro ƙasa. Ina liƙa lamba a gadon bayan littafi, abokina yana shigarwa a kwamfuta. Da muka gama, ka rubuta sunan littafi, ta nuna maka lambarsa, ka bi jeri ka ɗauko. Wallahi har hoto na ɗauka ina hura hanci.

Ranar da mahaifiyata ta zo gani, ta tsaya a bakin ƙofa tana bin kantocin da ido. Sai na ga ta nufi kanta ta farko, ta dafa bango, ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo. Lambar addini ta faɗo daidai hawan ƙarshe, dab da ƙasa, inda ƙafar mai wucewa take bi. Tafsirin babanmu yana can, a samansa kuma littattafan koyon kwamfuta ne da na halayyar ɗan Adam.

Ta zaro juzu'i ɗaya ta rungume a ƙirji. Ba ta ɗaga murya ba.

"A kira mai adaidaita, a mayar min da su gida."

"Umma, ba raini ba ne, lamba ce ta kawo su nan. In na ɗaga su, kwamfuta za ta tura mai nema inda ba sa nan."

"To lambar ta ci kanta. Gwamma gara ta cinye su a ɗakinsa da a riƙa tsallake su."

Na san in littattafan nan suka koma gida, ba za su sake fitowa ba, ladan da muke nema wa babanmu kuma ya tafi. Amma duk da wannan fargabar, wata tambaya ta tsaya min a rai. Na ce, "Shi Baba yaya yake jera su?"

Ta dube ni kamar na tambayi sunana. Alƙur'ani a can sama, ba a ɗora masa komai. Sai tafsiri, sai hadisi, sai fiƙihu, sai nahawu, sannan na boko. Na girma ina ganin jerin nan kullum, ban taɓa lura cewa shi ma tsari ne ba. Namu na makaranta yana tambayar littafi a kan me yake magana, na su Baba yana tambayar wa ya fi wa daraja.

Sai abokina ya ce, "Malam, ita fa kwamfuta ba ta san sama da ƙasa ba, abin da ka gaya mata take faɗa. Bar musu lambarsu, mu ƙara gurbi ɗaya da zai nuna wurin ajiya."

Na ji kunya na kuma ji daɗi a lokaci guda. Ashe fannin littafi daban, mazauninsa daban, ni ne na ɗaure su wuri ɗaya don haka na gani a aji. Muka sauke hawan sama na kantocin gaba ɗaya, muka jera na addini yadda Umma ta faɗa, tana zaune a kujera tana nuni da yatsa. Sauran suka bi lamba a ƙasa.

Da muka kammala ta ce a gwada mata. Abokina ya rubuta sunan tafsirin, allon ya nuna lambarsa, a gaban lambar kuma an rubuta: hawan sama, kanta ta farko. Ta tashi ta je ta miƙa hannu, har da ɗage, ba ta kai ba. Sai ta yi dariya, idonta ya ciko.

"Haka yake a gida ma. Sai dai shi ya miƙo min."

Yanzu a laburare nake aiki, kuma duk tsarin da aka kawo mana a kwamfuta sai na tambayi kaina su wa suka tsara shi, me suka sa a sama. Umma ba ta sake maganar mai adaidaita ba. A ranar ni na miƙo mata littafin, ta buɗe, ta karanta wa babanmu shafi guda, ta ba ni na mayar sama.