Ruwan da Baffa Lawali Ya Hana

Baffa Maman Lawali yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Tibiri aka haife su, shi da babana Idirisa, amma da suka girma kowa ya kama hanyarsa. Babana ya bi dangin uwarsu Jiratawa ya shiga noman rani. Baffa ya shigo Maraɗi koyon kanikanci, ya yi aure, ya zauna a unguwar Zariya. Daga gareji wani kamfanin ajiyar auduga da hatsi da ke hanyar Tibiri ya ɗauke shi aiki. Wuta ta taɓa cinye musu sito guda, shi ya sa suka sayo tsohuwar motar kashe gobara tasu ta kansu, suka damƙa masa ita. Shi ne direbanta, shi ne bakanikenta.

Duk wanda ya san shi a wancan lokaci, da motar nan ya san shi. Ba ya karya kumallo sai ya tada injin ya tsaya yana saurare, kansa a karkace. Ya duba baƙin mai da ruwan batir, ya bubbuga tayoyi, ya taka birki, ya hau sama ya leƙa tanki. Sannan ya kunna famfo ya watsa ruwa kaɗan a gindin dalbejiya don ya ga ƙarfinsa, kuma nan take ya mayar da abin da ya ragu. Tiyo kuwa warware shi yake yi har ƙarshe, yana bi da hannu yana neman tsaga ko cizon ɓera, ya shanya a inuwa, don ya ce rana tana cin tiyo fiye da aiki.

Mai gadin wurin, Jibo, Bazabarme ne, Baffa kuwa Bagobiri, saboda haka tsiya ba ta ƙarewa tsakaninsu.

"Bagobiri, yau ma wanka za a yi wa tsohuwar? Kai ma ba ka samun irin wannan wankan."

"Bari kawai, Bazabarme. Ranar da wuta ta kama gemun nan naka za ka kira ni. Amma sai na shanye shayina zan taso."

Abu ɗaya ne ba a yi masa wasa da shi: tankin motar ba ya kwana da rabi. Ko mai wankin babur ya zo roƙon bokiti ɗaya, famfon bakin ƙofa yake nuna masa.

A wata bazara mai zafi babana ya yafa irin tattasai. Ya fito da kyau, ya kusa isa dashe, sai injin rijiyar da ke ba ɓangarensu ruwa ya ƙone. Masu gyara suka ce sai an kawo kayan daga nesa. Babbar gonar tana iya jira, tunda ba a dasa komai ba tukuna, amma ƙananan shukokin ba sa jira. Baba da innata Tahira suka kama jido da jarkoki a amalanke daga wata tsohuwar rijiya da kowa ya yi wa ca, ruwan bai kai ko'ina ba. Sai Baba ya hau kabu-kabu ya nufi wurin yayansa.

Jibo ne ya ba ni labarin yadda suka yi, domin a gabansa aka yi.

"Yaya, ba gonar duka nake cewa ba. Irin dashen kawai. Tanki ɗaya ya ishe ni har a gyara injin."

"Idi, ka san famfon wurin nan yanzu ɗiga yake yi. In na juye ta a Jiratawa, ba ta sake cika sai gobe da marece. Ga sito cike da auduga."

"Tun da aka sayo wagga mota, ta taɓa fita kashe wuta?"

"Ba ta taɓa ba."

"To yau ma ba za ta fita ba."

"Kai ka sani?"

"Ban sani ba. Amma na san tattasaina zai mutu. Wannan kam na sani."

Jibo ya ce shi ma ya sa baki, ya ce: "Bagobiri, maigida ya yi tafiya, ni kuma idona ciwo yake yi yau, ba na ganin abin da ke fita." Baffa bai ko yi murmushi ba. Ya ce wa Baba ya yi haƙuri, zai nemo masa motar sayar da ruwa a cikin gari. Baba ya dube shi, ya dubi motar tana ƙyalli a inuwa, ya juya ya tafi ba sallama.

Baffa ya nema, ba wai bai nema ba. Amma lokacin kowa ruwa yake nema, motocin duk an riga an kama su. Ranar da ya samu ɗaya ya rako ta Jiratawa, shukokin sun riga sun kwanta, sun bushe kamar ganyen shayi. Kuma wuta ba ta tashi a kamfanin ba, ba ranar ba, ba a duk bazarar ba.

Shekarar nan Baba ƙwadago ya yi a gonakin mutanen da a da shi ke ba su iri. Bijimin amalankenmu ma sai da aka sayar da shi. Bai yi faɗa da kowa ba, bai kai ƙara wurin manya ba. Kawai ya daina sauka a Zariya in ya kawo kaya kasuwa, kuma da sallah mu yara yake aikawa gaisuwa.

Daga baya wuta ta zo. Da rana tsaka ta kama gefen siton auduga, kuma kafin ta haura rufi Baffa ya iso da motar, injin ya tashi bugu ɗaya, tiyo bai yoyo ba. Leburori da ke ciki duk suka fito lafiya. Da labari ya kai Jiratawa, Baba yana gyaran fartanya, bai ɗago ba ya ce: "Ai dole ta kashe. Ruwan tattasaina ne."

Da aka gaya wa Baffa wannan magana sai ya yi dariya har da hawaye. Ya ɗauka tunda ƙanensa ya fara ba'a, zuciyarsa ta sauko. Ranar Juma'a ya sa babbar riga ya tafi Jiratawa. Baba ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ya sa aka dama fura, ya ce: "Sannu da zuwa, Malam Lawali. Ya iyali?" Tun da suke bai taɓa kiransa haka ba. Suka yi hirar damina da tsadar taki, Baffa ya sha fura, ya tashi. Haka suka ci gaba, gaisuwa cikakkiya irin ta baƙi.

Bara da damina zazzaɓi ya kwantar da Baba. Mun ɗauka na kwana biyu ne, shi ya sa ba a aika Zariya da wuri ba. Baffa ya iso Baba ya riga ya cika, ana shirin ɗaukarsa zuwa makwanci. Allah ya jiƙansa.

Yanzu Baffa ya bar aiki, gwiwa ta hana shi hawa saman tanki. Kwanan baya na same shi a ƙofar gida, na yi ƙarfin hali na ce: "Baffa, da a ce yau ne Baba ya zo, za ka ba shi?"

Sai ya ce:

"Ba zan ba shi ba, ɗiyata. Akwai mutane cikin siton nan. Amma da aka tashi aiki ran nan, mi ya hana ni in bi shi Jiratawa? Ina da hannu biyu, na iya jan guga. Na tsaya yawon neman mota cikin gari kamar wani babban mutum, ƙanena yana can shi da matarsa suna jido. Ko da tattasan ya mutu, da ya mutu ina tsaye kusa da shi."