Baitin da Ban Kai Lungu Ba

Kawuna Jalilu, ƙanen mahaifiyata, gyaran lasifika yake yi a wani ɗan shago a Zongo Lane cikin Accra, shagon da in mutum biyu suka zo sai ɗaya ya tsaya a ƙofa. Shekararsa hamsin da biyu, gemu ya fara furfura, amma har yau hular hana-sallarsa baya take kallo. In ka gan shi duƙe cikin wayoyi ba za ka ce wannan bawan Allah ya taɓa tara unguwar Nima da bakinsa ba.

A Maamobi, maƙwabciyar Nima, aka haife shi, babansu mai gadi ne da ya zo daga Dosso ta Nijar. Ya fara jin waƙar rap ne a wani kaset da ɗan unguwa ya aiko daga Amurka. Rabin Turancin ya wuce shi, sai dai ya gane mutanen nan labarin unguwarsu suke bayarwa. Ya ce to, ai shi ma yana da unguwa. Ya riƙa yi da Hausar Zongo, yana yayyafa yaren Twi, a kan ruwan da ya ci ɗakuna, da layin famfo, da mai waakye, wato shinkafa da wake, da ta hana shi ƙarin miya.

Yana da wata ɗabi'a da aka daɗe ana yi wa dariya. Ba ya ɗaukar waƙa a kaset sai ya jera benci a lungun da ta ambata, bayan la'asar, ya rera ta gaban mutanen da ke cikinta. In ya gama sai ya ce, "Akwai mai gyara?" Duk baitin da aka ce ba haka aka yi ba, ya faɗi ke nan. Hajiya Indo mai koko ta riƙe masa waƙa guda wata bakwai, wai ambaliyar ba ranar Laraba ta zo ba. Da irin wannan tafiyar hawainiya kaset ɗaya ya fitar a rayuwarsa, waƙa takwas. Abokansa suka yi suna, shi ya yi aure ya buɗe shago.

A hannunsa na koyi rap, ni Tawfiq. Shekara shida ina bin tsarinsa, babu wanda ya san ni gaba da Kasuwar Malam Atta, kuma gaskiya na gaji. Bara wani furodusa ya ce muryata ta yi, amma waƙoƙina ba su da zafi, mutane ɗan Nima da ya sha wuya suke so. Na zauna na ƙirƙiro masa wuya. Na ce uwata ta ajiye ni bakin babbar kwata ta yi tafiyarta, titi ne ya raine ni. Aka aro mota da sarƙar wuya aka ɗauki bidiyo. Ban kai waƙar lungu ba, don na san ba za ta wuce bencin farko ba.

Mahaifiyata Amama, muna ce mata Mma, shekara talatin tana sayar da albasa a Malam Atta. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Lokacin da ƙusa ta soke ni a ƙafa, ita ta riƙa goya ni zuwa makaranta sati biyu, ina ƙato.

Waƙar ta kama. Mai sayar da cajar waya da ke kusa da teburin Mma tun safe yake kunna ta. Abokan sana'arta suka mai da abin zolaya, har wata baƙuwa daga Nijar da ba ta san wasa ake ba ta tambaye ta ko ba ta tsoron Allah. A bakin wasu na ji. Ita kuwa Mma ba ta fasa aiko mini da tuwona ba.

Ranar wata Asabar Kawu ya same ni a ƙofar gida. Ya ce, "Tawfiq, ka manta benci. Gobe bayan la'asar." Na daɗe da shirya masa amsa, cewa su tsofaffin hannu sun rungumi gaskiya sun tsufa a shago. Da ya tsaya gabana sai kawai na ce masa to.

Washegari ya jera benci huɗu, ya jona tsohuwar lasifikarsa. Lungu ya cika. Mma ta zauna a gaba da farin mayafi, Hajiya Indo a gefenta. Na fara da ƙarfi kamar a bidiyo, da na iso baitin kwata sai na tsaya.

"Ci gaba," in ji Kawu.

Na faɗe shi, idona a ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kawu ya juya ga jama'a. "Akwai mai gyara?"

Hajiya Indo ta yunƙura za ta miƙe, Mma ta riƙe mata zane. Ta ce, "Ku bar shi. In wannan waƙa ne zai ba shi abinci, ni ba ni da gyara."

Kawu ya kalli yayarsa. Sannan ya kashe lasifika ya ce mini, "Mai magana ta ce ba gyara. Baiti ya tsaya, naka ne." Ya naɗe wayarsa a gwiwar hannu ya tafi. Shekara talatin ƙarya ba ta tsallake bencinsa ba, sai tawa, kuma tun ranar bai sake jera benci ba.

Na roƙi mai cajar waya ya daina kunna waƙar, ya daina. Sauran wayoyin Accra ba ni da iko da su. Jiya ma na ji ta a cikin trotro, motar haya, ina riƙe da kwanon tuwon da Mma ta zuba mini.